Yadda ake tantance akwatin kwamfutar tebur kafin a saya: ƙwari, iska da rashin ƙara

Wani malami a Tudun Wada ta Kaduna da ke naɗar karatu da tallace-tallacen rediyo a ɗakinsa ya kira ni wata rana bayan la'asar. "Injiniya, zo ka ji abin da ka haɗa mini. Kamar ina karatu a gefen injin markaɗe." Ni na haɗa masa kwamfutar, amma shi ya zaɓi akwatin: gilashi a gaba, gilashi a gefe, fankoki huɗu masu fitilu kala-kala kamar gidan biki. Na sa abin saurare a kunne na ji abin da ya naɗa. A ƙarƙashin muryarsa akwai wani zuuu da ba ya yankewa, ga kuma murfin ƙarfe na ɗaya gefen yana ta karkarwa. Ka ɗora masa tafin hannu ya yi tsit, ka ɗauke ya ci gaba. Firosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, lafiya lau, madabod, wato babban allon da ake jona sauran kayan a kansa, shi ma lafiya lau. Akwatin ne, wato abin da 'yan kasuwa ke kira kesin, kuma shi ne kaɗai abin da ba mu tsaya mun duba ba, don muna ganin ai gwangwani ne kawai da ake zuba kaya a ciki.

Tun daga ranar na daina sayen kesin da ido. An ce gani ya kori ji, to a wannan harka hannu da kunne ne suka kori gani. Ga yadda nake yi.

Kafin ka fita daga gida

Ka san girman madabod ɗinka. Uku ne suka fi yawa: ATX, wanda kamfanin Intel ya fito da tsarinsa a 1995, milimita 305 da 244 ne, Micro-ATX 244 da 244, Mini-ITX kuwa 170 da 170. Babban akwati yana ɗaukar ƙaramin madabod, ƙarami ba ya ɗaukar babba. Sannan ka auna tsawon katin hotonka, wato katin da ke sarrafa hoton da ke fita a allo, idan kana da shi, da tsayin abin sanyaya firosesa. Manyan nan masu kama da bene suna kai milimita 155 zuwa 165, kuma kunkuntar kesin ba zai bari murfinsa ya rufu a kansu ba. Rubuta lambobin a takarda. Ka jefa tef ɗin awo na tela a aljihu, da ƙaramar tocila, da sukundireba, da guntun maganaɗisu idan akwai.

A shago: ɗaga, murɗa, ƙwanƙwasa

Ko a shagunan titin Ahmadu Bello da kewayen Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi za ka saya, ko wani zai turo maka daga kasuwar kwamfuta ta Ikeja a Legas, ƙa'idar ɗaya ce: a fito da shi daga kwali. Mai shago zai nuna maka hoton da ke jikin kwalin, ko ya jona wuta fitilun su kama. Ka ce masa, "Maigida, a buɗe mini dai in taɓa." Idan ya ƙi, ka yi masa sallama.

Da farko a cire murafen gefe biyu, musamman idan ɗaya gilashi ne, domin gilashi yana da nauyi, yana sa akwatin banza ya yi kamar na kirki a hannu. Sai ka ɗaga ƙashin akwatin shi kaɗai. Matsakaicin kesin mai kyau, da murafensa da komai, yakan kai kilo 7 ko 8. Akwai waɗanda za ka ɗaga da yatsu biyu kamar kwandon burodi. Nauyi ba ado ba ne a nan. Ƙarfe mai kauri ba ya saurin amsa girgizar fanka, sirara kuwa yana ɗaukarta ya ƙara mata amo, kamar yadda fatar kalangu ke yi wa ɗan bugu kaɗan.

Na biyu, ka kama kusurwar sama ta gaba da hannu ɗaya, kusurwar sama ta baya da ɗaya hannun, ka murɗa a hankali kamar mai matse wanki. A nan ne mai shago zai ce, "Alhaji, a hankali dai, kada ka ɓalla mini kaya." Ba sai ka sa ƙarfi ba. Mai kyau zai tsaya ƙyam. Mara kyau zai bi hannunka, har ka ji yana ƙiiƙii a inda aka haɗa shi da ƙusoshin ribit. Akwatin da ya murɗu a hannunka a shago, zai murɗu a bayan Keke Napep a hanyar Kawo ko Rigasa, kuma madabod ɗin da ke ɗaure a jikinsa zai lanƙwashe tare da shi.

Na uku, ɗauki murfin ƙarfe na gefe ka riƙe shi ta baki ɗaya, ka ƙwanƙwasa tsakiyarsa da gaɓar yatsa. Idan ya ce ƙwal ya yi shiru, madalla. Idan ya ce ɓararam kamar kwanon rufi da iskar farkon damina ta ɗaga, shi ne irin na malamin Tudun Wada. A lissafi, masu araha suna amfani da ƙarfe mai kaurin milimita 0.4 zuwa 0.5, na kirki kuwa 0.7 zuwa 0.8, wasu ma har milimita 1. Bambancin a takarda kamar ba komai ba, amma a hannu ba ya ɓuya. Maganaɗisun nan zai gaya maka ko ƙarfe ne ko alminiyam, don ba ya kama alminiyam. Alminiyam ba laifi ba ne, ba ya tsatsa irin ta ƙarfe, sai dai ba shi da nauyi, don haka sai ya yi kauri sosai kafin ya daina rawa.

Yanzu mayar da murfin. Ya shiga salin-alin, ramukan noti sun dace da juna? Ko sai ka danna nan, ka buga can? Bayan ya rufu, ka bi bakinsa kana ɗan bubbugawa da yatsa. Duk inda ka ji ƙas-ƙas, wurin akwai sarari tsakanin ƙarfe da ƙarfe, kuma nan ne zai riƙa yi maka kiɗa da tsakar dare.

Idan gefen gilashi ne, ka duba ko akwai zoben roba a inda noti ke ratsa shi, da siririn soso a inda yake jingina da ƙarfe. Gargaɗi ɗaya: kada ka taɓa ajiye wannan gilashin a kan tayil. Irinsa mai ƙwari ne a fuska, amma da bakinsa ya daki tayil sai ya tarwatse gaba ɗaya kamar tsakuwa. A kan katifa ko darduma ake ajiye shi.

Leƙa ciki da tocila

Ka shafa gefunan ƙarfe na ciki, amma a hankali, da bayan farce. Masu aikin kirki suna naɗe bakin ƙarfen ya koma ciki. Masu gaggawa suna barinsa yadda injin ya yanke shi, kamar reza. Akwai tabo a babban yatsana na dama da wani kesin mara suna ya yi mini, ban ma ji yankan ba sai da na ga jini a kan madabod ɗin mutane. Bakin da ya yanki yatsa zai feƙe rigar waya ma.

Ƙirga 'yan ƙafafun tagulla da madabod ke zama a kansu. ATX yawanci tara yake buƙata. Ka ɗaura noti a biyu ko uku ka ji ko zaren yana kamawa ko yana ta juyawa a banza. Duba ledar notuna da ke zuwa da akwatin, don sau da yawa an kwashe ta. A baya, inda katin hoto ke leƙawa waje, akwai 'yan murafe bakwai a akwatin ATX, huɗu a na Micro-ATX. Idan da noti aka ɗaure su, alama ce mai kyau. Idan irin waɗanda ake lanƙwasawa a ɓalle ne, to duk wanda ka cire ya tafi ke nan, ramin ya zama ƙofar ƙura da kyankyaso.

Sai bayan farantin da madabod ke kwanciya: sa tef ka auna tsakaninsa da murfi. Kana son kusan santimita 2 don wayoyi su samu wurin ɓuya. Wannan ba don kwalliya ba ne. Wayoyin da aka cusa a gaba suna tare iska, kuma wata rana ɗaya za ta sauko ta taɓa fiffiken fanka. Bi wayar da ta fito daga ramin USB na gaba kuma. Shuɗin fenti a ramin ba ya nufin USB 3 ne. Na gaskiya wayarsa mai kauri ce, kanta faffaɗa mai layi biyu da ramuka 19. Idan ka ga siririyar waya mai ramuka tara, an yi maka kwalliya ne kawai. Danna makunnin wuta sau goma, ka ji ko yana dawowa da kansa kowane lokaci.

Gaban akwati, inda maganar take

A nan mutane da yawa ke kuskure, har da masu karanta sharhin Turawa a intanet. Akwai akwatunan da aka ƙera musamman don shiru, irin jerin Define na kamfanin Fractal Design na Suwidin, ko Silent Base na be quiet! na Jamus. Gabansu a rufe yake, an liƙa wa murafensu abin shanye ƙara, iska tana shiga ta 'yan kafofin gefe. Kaya ne masu inganci, ba na musu. Amma masu gwada su suna yi ne a ɗaki mai sanyin digiri 22 ko makamancin haka. Mu kuwa a Kaduna, Maris da Afrilu zafi yana haura digiri 35, kuma ɗakin da ba shi da na'urar sanyaya iska, mai rufin kwano, ba ya hucewa ko bayan magariba. Kusan duk digirin da ya ƙaru a ɗaki yana ƙaruwa a kan firosesa. Da firosesa ya ji zafi, madabod zai umarci fankoki su ƙara gudu, kuma ƙarar fanka tana tashi da sauri fiye da yadda gudunta ke tashi. Sai ka ga soson da aka liƙa yana ta fama da ƙarar da rufewar gaban ce ta haddasa ta.

Mafi muni shi ne na gilashi a gaba, wanda aka manna fankoki dab da gilashin don fitilu su fito. Fankar tana juyawa, amma ba ta da inda za ta jawo iska, kamar mutum ne aka toshe masa hanci aka ce ya yi gudu.

Don haka a ra'ayina, ga mai zama a garin nan ba tare da na'urar sanyaya ɗaki ba, akwati mai raga a gaba ya fi yin shiru a aikace, domin fankokinsa za su yi aikinsu suna tafiya a hankali. Gwajin mai sauƙi ne. Ka kunna tocila daga ciki ka kalli gaban daga waje. Haske yana fitowa ta ko'ina, ko ta wani siririn layi kawai? Ka hura iska da baki ta gaban, ɗaya hannun yana ciki. Idan tafinka bai ji komai ba, fanka ma wahala za ta sha. Idan gaban a rufe yake amma kana son sa duk da haka, ka tabbata kafofin gefen sun kai faɗin yatsu biyu, daga sama har ƙasa, ta ɓangarorin biyu.

Sai dai raga tana da kishiya, wato hunturu. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ƙura ce ko'ina, mai laushi kamar garin alkama, tana shiga ko an rufe taga. Saboda haka kowace ƙofar shigar iska tana buƙatar rariyar ƙura: gaba, ƙasa inda akwatin wuta mai raba wa kayan ciki lantarki ke shaƙa, da sama idan a buɗe yake. Samuwar rariyar ba ta isa ba, ka gwada cire ta a nan shagon. Wadda ake zarowa kamar aljihun tebur, ko mai maganaɗisu da ake ɓamɓarowa, ita za ka riƙa wankewa. Wadda sai an kwance notuna shida an kifa akwatin, wallahi ba za ka taɓa ta ba sai ta zama bargo. Rariyar ƙasa da ake zarowa ta gaba ta fi wadda ake zarowa ta baya, tunda yawancinmu jikin bango muke jingina kwamfuta.

Fankoki

Babba mai tafiya a hankali ta fi ƙarama mai gudu. Akwatin da ba ya ɗaukar fanka sai mai milimita 80 a baya, bar shi. Nemi mai wurin fanka biyu ko uku na milimita 120 a gaba, in da hali na 140, da ɗaya a baya. Fanka mai kyau ta 120 da ke zagaye 800 a minti da ƙyar za ka ji ta, ƙaramar 80 kuwa sai ta ninka wannan gudun sau biyu ko uku kafin ta tura iska mai amfani, kuma muryarta siririya ce mai shiga kunne.

Ka duba kan wayar kowace fanka da ta zo da akwatin. Ƙaramin kai mai ramuka huɗu shi ne PWM, madabod yana iya rage mata gudu yadda ake so. Mai ramuka uku ma ana iya sarrafa ta a yawancin madabod na yanzu. Amma idan ka ga babban kai mai faɗi da ake jonawa kai tsaye a akwatin wuta, wanda ake kira Molex, wannan fankar ba ta san rangwame ba, iya gudunta za ta yi tun daga kunnawa har kashewa. Fankokin malamin nan huɗu duk haka suke. Ka kaɗa fiffiken da yatsa ka kai kunne kusa: kada ka ji gurzawa ko tsuwa, kada kuma ya riƙa lilo gefe da gefe. Idan akwatin ya yi maka amma fankokin ba su yi ba, saya, ka sauya su daga baya da irin su Arctic ko Noctua. Fanka ana sauya ta da noti huɗu. Ƙarfe mai rawa ba shi da magani.

Wajen jera su, iskar da ke shiga ta ɗan fi wadda ke fita, misali biyu a gaba suna shigarwa, ɗaya a baya tana fitarwa. Da haka iska za ta riƙa tsiyaya waje ta 'yan kafofin akwatin, maimakon ta riƙa tsotso ƙura ta inda babu rariya.

Sauran masu kawo ƙara

Had-dis, wato ma'ajiyar bayanai ta gargajiya mai faifai, yana zagaye 5400 ko 7200 a minti. Na 7200 yana girgiza sau 120 a daƙiƙa, kuma idan an ɗaure shi ƙarfe da ƙarfe, wannan gurnanin zai bi akwatin ya sauka a tebur. Masu tace bidiyo da ke tara manyan faifai su duba ko mazauninsu yana da zoben roba. SSD, sabuwar ma'ajiya mara faifai, ba ya motsi, ba shi da wannan matsalar. Kifa akwatin ka ga ƙafafunsa: roba mai laushi a ƙasa, da tsayin da zai bar iska ta wuce.

Akwatin wuta, wato fawa-fak, gara ya zauna a ƙasa ya shaƙi iskarsa daga waje, da a ce yana sama yana shan zafin firosesa. Wanda ake bayarwa kyauta tare da kesin mai araha kuwa, ɗaga shi ka ji. Idan ba shi da nauyi kamar gwangwanin madara da aka shanye, kada ka jona masa kayan da ka sha wahalar saya. Araha ba ta ado.

Idan tokumbo za ka saya

Tsofaffin kwamfutocin ofis na HP, Dell da Lenovo suna da ƙarfe mai ƙwari da ba ka samu a sababbin masu araha, kuma yawancinsu ba su da hayaniya. Matsalarsu ita ce da yawa ba su bi tsarin ATX ba: ramukan noti, girman fawa-fak da wayar makunni duk nasu ne na kansu. Kada ka sayi fankon irinsu da niyyar sa naka madabod sai ka gwada shi a ciki. Duba tsatsa a ƙasa da kusurwoyi, ka shinshina ko akwai warin ƙuna. Sannan ka leƙa bayan fawa-fak. Wasu tsofaffi suna da ɗan jan makunni mai 115 da 230. Wutarmu 230 ce. Wanda ya fito daga Amurka yana iya zuwa a kan 115, kuma jonawa ɗaya ce za ka ji fas.

Gwajin gida

Wannan bayan isha'i ake yin sa, lokacin da unguwa ta lafa, janaretan maƙwabta ya yi shiru. Kashe fankar ɗaki. Kunna kwamfutar ka zauna inda ka saba zama. Manhajar auna ƙara ta waya ba ta da daidaito sosai, amma tana da amfani wajen kwatantawa: ajiye wayar wuri ɗaya, ka auna kwamfuta a kashe, ka auna a kunne, ka auna tana aiki mai nauyi. Ƙarin desibel 10 kunne yana jin sa kamar an ninka ƙarar.

Ka ba ta aiki mai nauyi na minti 20, kamar fitar da bidiyo, ka lura da zafin firosesa. Sai ka cire murfin gaba ka ƙara minti goma. Idan zafin ya sauka sosai, fankoki suka lafa, gaban yana shaƙe ta. Kunna turaren tsinke ka bi kafofin akwatin da shi: a gaba hayaƙi ya shiga, a sauran kafofi ya kauce waje. Idan kana jin ƙarar da ba ka san mai ita ba, ka danna tsakiyar kowace fankar akwati da yatsa na daƙiƙa ɗaya ka ji wacce ta yi shiru, amma ban da ta cikin fawa-fak, ba a tura komai a can. Bi murafe da tafin hannu. Wanda ya daina ƙara da ka danne shi, siririn soso ko tef ɗin wuta a bakinsa yakan wadatar. Siririyar tsuwa da ke tashi idan katin hoto ya ɗauki aiki daga katin take, sauya akwati ba zai kore ta ba. Idan kuma ƙarfen yana ɗan jan ka idan ka taɓa shi ba takalmi, ba laifin kesin ba ne, soket ɗinka ne ba shi da wayar ƙasa, sai ka kira mai gyaran wuta.

Malamin Tudun Wada dai mun sauya masa akwati da wani baƙi wuluk mara fitila ko ɗaya, raga a gaba, fankoki biyu na 140 suna shigarwa, ɗaya ta 120 tana fitarwa. Na shiga BIOS, wato shafin saitin madabod, na saita su kada su tashi sai zafi ya yi yawa. Muka sauke shi daga kan tebur, kafinta ya yi masa ɗan benci mai tsayin taƙi ɗaya don kada ya zauna a ƙasa yana shan ƙurar shara, muka matsar da shi nesa da makirfo. Ya naɗi minti biyu bai ce komai ba, muka saurara. Can sai ya ɗaga hannu. "Injiniya, har yanzu akwai wani ƙyat-ƙyat." Muka bi ɗakin da kunne. Agogon bango ne.